Yadda ake rubuta jawabin minti uku da za a daɗe ana tunawa da shi

Ranar 19 ga Nuwamba, 1863, mutum biyu suka yi jawabi a wajen buɗe maƙabartar sojoji a Getisbag, wani ƙaramin gari a Amurka inda aka gwabza faɗan kwana uku a watan Yulin shekarar, cikin yaƙin basasar Arewa da Kudancin ƙasar kan batun bauta. Babban mai jawabi shi ne Edward Everett, wanda a zamaninsa ba a kama ƙafarsa wajen iya magana. Sa'a biyu ya yi yana zuba, kalmomi fiye da 13,000. Da ya zauna sai Shugaba Abraham Linkon ya miƙe, ya faɗi jimla goma, kalmomi kamar 270, ya koma kujerarsa cikin minti biyu. Washegari Everett da kansa ya rubuta masa wasiƙa, ya ce da ma a sa'o'insa biyu ya kusanci ainihin maganar kamar yadda Linkon ya kusance ta a minti biyu. Na Linkon aka sassaƙa a jikin bango a Washinton, shi kuma yara 'yan makaranta ke haddacewa.

Na daɗe ina rubuta gajerun jawabai, nawa da na masu zuwa da roƙon a taimaka musu: wanda aka zaɓa shugaban ƙungiya, wadda za ta yi magana a madadin ɗaliban da suka kammala karatu, wanda aka ce ya faɗi wani abu a kan abokin aikinsa da ya rasu. Babu ko ɗaya da ya shiga littafin tarihi. Amma hanyar da na bi na koya ita ce ta yaron tela: a samu tsohuwar riga mai kyau, a farke ta, a ga yadda aka yanka aka haɗa. Ita zan nuna maka.

Kayan aiki

Takarda da biro. Waya ko kwamfuta za su yi, sai dai na fi son takarda, domin abin da ka soke yana nan kana ganinsa, wata rana za ka koma ka ɗauko shi.

Agogo mai ƙidayar daƙiƙa da abin ɗaukar murya. Duka biyun suna cikin wayarka.

Rubutun shahararrun jawabai uku ko huɗu, cikakku daga farko har ƙarshe, ban da guntayen da ake yaɗawa a Facebook ƙarƙashin hoton mutum.

Kati ko takarda mai kauri da za ta shiga tafin hannu.

Mutum ɗaya da ba ya jin nauyinka. Wannan ya fi sauran wuyar samu.

Kwana biyu. In babu, akwai dabara a mataki na 8.

Mataki na 1: Farke na wani

Zaɓi jawabi ɗaya ka kwafe shi da hannu. Na Linkon ya fi dacewa da mai koyo don bai cika shafi ba. Hannu yakan gano abin da ido ya tsallake. A gefen takardar ka rubuta wanda ya yi maganar, da waɗanda ya yi wa, da abin da ya faru kafin ya miƙe, da abin da ya nema a wurinsu. Sannan ka ja layi ƙarƙashin jimlar da in aka zare ta jawabin zai rushe. Kusan kullum guda ɗaya ce.

In ba ka jin harshen da aka yi jawabin da shi, nemi fassara biyu ka jera su. Inda suka saɓa, nan kalma mai nauyi take. In an naɗi muryar kuma ka saurara ko ba ka gane komai ba, don ka ji wuraren da yake shiru.

Hattara da jabu. Sojourner Truth, wadda aka haifa cikin bauta, ta yi jawabi a taron haƙƙin mata a garin Akron na Amurka cikin 1851. Rubutun da ya fi shahara sai 1863 ya fito, shekara 12 bayan taron, kuma an sa mata karin harshen bayin kudancin Amurka, alhali ita 'yar jihar New York ce da ta tashi da harshen Holan a baki. Wanda aka buga makonni kaɗan bayan taron ya sha bamban da shi. Haka maganar nan da ake jingina wa Janar Digol, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, cewa Faransa ta sha kashi a gumurzu ɗaya amma ba ta sha kashi a yaƙin ba: ba ta cikin jawabinsa na 18 ga Yuni, 1940, a jikin takardar da aka manna a bangayen Landan daga baya ta fito. Huɗubar da ake cewa Ɗariƙu bin Ziyad ya yi wa rundunarsa a gaɓar Andalus ma masana tarihi da yawa suna shakkarta. Kana iya koyon fasaha daga irin waɗannan, amma kada ka tsaya gaban jama'a ka rantse cewa haka aka faɗa.

Mataki na 2: San waɗanda ke gabanka

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, amsa waɗannan a takarda: su wane ne za su saurare ni, wane hali suke ciki a wannan sa'ar, me nake so su yi in na zauna?

Daren 4 ga Afrilu, 1968, Robat Kenedi yana yawon neman takarar shugabancin Amurka, ya isa wata unguwar baƙaƙen fata a Indiyanafolis. A ranar aka harbe Martin Luta King, jagoran fafutukar haƙƙin baƙaƙen fata, kuma da yawa cikin taron ba su ji ba. Ya hau bayan babbar mota ya ajiye zancen zaɓe. Ya fara da faɗa musu labarin kai tsaye. Ya ce ya san abin da ke cin zuciyarsu, domin shi ma an kashe masa ɗan'uwa, kuma farar fata ne ya kashe shi. Sannan ya nemi abu ɗaya: su koma gida su yi addu'a ga iyalan mamacin da ƙasar. Minti biyar ya yi. Tarzoma ta ɓarke a birane sama da 100 cikin kwanakin, Indiyanafolis kuwa ta kwana lafiya.

Dubi ƙanƙantar abin da ya nema. Masu koyo sukan rubuta "mu haɗa kai mu ci gaba", wanda babu wanda ya san ta inda zai fara. "Ku koma gida" kuwa kowa zai iya kafin gari ya waye.

Ka tuna da wanda ba a zata za ka yi magana da shi ba. Da kumbon Challenger ya tarwatse ranar 28 ga Janairu, 1986, da mutum bakwai ciki har da malamar makaranta, Shugaba Ronald Regan ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya kuma ware wasu jimloli ya yi magana da yaran da suka kalli abin a talabijin suna aji. Duka jawabin bai kai minti biyar ba.

Mataki na 3: Jimla ɗaya

Nan ne aikin yake, nan kuma nake ɓata rabin lokacina. Rubuta abin da kake son faɗa a jimla ɗaya da ba ta wuce numfashi ɗaya ba. In "kuma" ta shigo sau biyu, jawabi biyu gare ka, sai ka zaɓi ɗaya ka haƙura da ɗayan.

Ranar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wafati, Madina ta ruɗe, har Sayyadina Umar yana cewa bai rasu ba. Sayyadina Abubakar ya miƙe ya ce wanda yake bauta wa Muhammadu, to Muhammadu ya rasu, wanda kuwa yake bauta wa Allah, to Allah rayayye ne ba ya mutuwa. Ya karanta aya daga Suratu Ali Imrana. Shi ke nan. Ban san gajeren jawabin da ya kai wannan aiki ba: ya tabbatar da labari mai ɗaci, ya kuma nuna wa mutane abin da za su riƙe, duk a numfashi ɗaya.

Kwame Nkrumah ma, a daren samun 'yancin Gana ranar 6 ga Maris, 1957, ya faɗi abubuwa da dama, amma jimla ɗaya ta rayu: 'yancin Gana ba shi da ma'ana sai an haɗa shi da 'yantar da Afirka baki ɗaya. A shekarar da ta biyo baya birnin Akara ya karɓi tarurrukan 'yan gwagwarmayar nahiyar, a 1960 kuma ƙasashe 17 suka samu 'yanci. Ba jimlar ce ta kori Turawa ba, amma ita ta ba masu fafutukar abin da za su riƙa faɗa.

Gwaji: faɗa wa mutumin nan da ba ya jin nauyinka jimlar sau ɗaya, ka canja hira. Washegari ka tambaye shi. In ya maimaita ta ko da da kalmominsa, ta yi. In ya ce "wani abu dai kan haɗin kai", koma ka sake.

Mataki na 4: Kafa ƙashin jawabin

Ga fasali huɗu da na tsinto daga farke-farke. Ɗaya za ka ɗauka.

Jiya, yau, gobe. Na Linkon ke nan. Ya fara da shekara 87 da suka wuce, wato 1776, lokacin da aka kafa ƙasar bisa cewa duk mutane daidai aka halicce su. Ya dawo kan yaƙin da ake ciki da kaburburan da ke gabansu. Ya ƙare da aikin da ya rage wa masu rai. Wannan ya fi sauƙi, kuma yana shiga kusan kowane taro.

Tambaya da amsa. Winston Cocil, a jawabinsa na farko a majalisa bayan zama firaministan Birtaniya, ranar 13 ga Mayu, 1940, ya ɗauko tambayoyin da ke zukatan mutane: mene ne manufarmu, mene ne burinmu? Ya amsa ta farko da yaƙi, ta biyu da kalma ɗaya, nasara.

Alkawari da sharaɗi. In an ba ka shugabanci, duba jawabin Sayyadina Abubakar bayan mubaya'a a shekarar 632: an ɗora ni a kanku ba don na fi ku ba, in na kyautata ku taimake ni, in na karkace ku miƙar da ni, mai rauni a cikinku shi ne mai ƙarfi a wurina har sai na karɓo masa haƙƙinsa. Fiye da ƙarni 13 ana auna shugabanni da waɗannan 'yan jimloli.

Jero abin da ya faru, sannan hukunci. Washegarin harin Japan a sansanin sojin ruwan Amurka na Pearl Harbor, ranar 8 ga Disamba, 1941, shugaban Amurka Franklin Rusbelt ya lissafa wuraren da aka kai wa hari ɗaya bayan ɗaya, Malaya, Hong Kong, Guwam, Filifins, kowanne da gajeriyar jimlarsa, sannan ya nemi majalisa ta ayyana yaƙi.

Mataki na 5: Zuba daftarin farko

Rubuta kamar kana magana, kada ka tsaya gyara. Bari ya ninka tsawon da kake buƙata. Abu biyu kawai za ka kiyaye.

Na farko, kada ka ɓoye ɗacin. Cocil ya ce ba shi da abin da zai bayar sai jini da wahala da hawaye da gumi. Mutanen da suka san gidansu na cin wuta ba sa yarda da wanda ya ce musu hayaƙin girki ne.

Na biyu, kawo abin da ido zai gani. Da aka kashe Chris Hani, ɗaya daga jagororin yaƙi da wariyar launin fata, a Afirka ta Kudu ranar 10 ga Afrilu, 1993, ƙasar ta kai bakin yaƙin basasa. Nelson Mandela, wanda a lokacin bai zama shugaban ƙasa ba, ya fito a talabijin. Maimakon dogon wa'azi kan zaman lafiya, ya ajiye mutum biyu gaban jama'a: farar fata mai cike da ƙiyayya da ya yi kisan, da kuma wata mata, ita ma farar fata, da ta sa ranta cikin haɗari don a kama shi. Wanda ya ji wannan ba zai iya cewa duk fararen ɗaya ne ba. Shekara guda bayan haka aka yi zaɓen 27 ga Afrilu, 1994.

Patrice Lumumba, firaministan Kwango na farko, ma haka ya yi ranar 30 ga Yuni, 1960, gaban Sarkin Beljiyam, a jawabin da ba ya cikin tsarin bikin 'yancin Kwango. Cikin wulaƙancin da ya lissafa har da yadda ake ce wa baƙin mutum "kai", a ajiye "ku" ta girmamawa ga Turawa kaɗai. Ƙaramin abu ne, amma duk wanda aka taɓa yi wa ya ji shi a jikinsa. Sai dai ga gargaɗi: gaskiyar da aka faɗa a gaban mai ƙarfi tana da farashi. Bai cika wata bakwai ba aka kashe shi, ranar 17 ga Janairu, 1961. Dalilan kisan sun fi jawabin yawa, amma jawabin ya ƙara wa maƙiyansa ƙaimi. Ka san abin da kake saye kafin ka buɗe baki.

Mataki na 6: Yanka

Bar daftarin ya kwana. Da safe ka ɗauki biro ka bi shi da wannan tsari.

Fara da gaisuwa. Nan yawancin jawabai ke mutuwa. Na taɓa rubuta wa wani shugaban ƙungiya jawabin minti uku, ya hau ya ƙara jerin manyan baƙi da muƙamansu na minti huɗu, ya kuma manta da mutum ɗaya. Bayan taro ba a yi zancen komai ba sai wanda aka manta. Gaida mafi girma a wurin da sunansa, ka haɗa sauran a jimla ɗaya ta girmamawa. In taron na masu son a kira su ne, roƙi mai gabatarwa ya yi wannan aikin kafin ya miƙa maka.

Sai ban-haƙuri: "ni dai ban iya magana ba", "ba zan ɗauki lokacinku ba". Soke. Sai tarihin da kowa a wurin ya sani. Sai alƙaluma, a bar guda ɗaya. Sai duk jimlar da kake so don daɗinta kawai ba don tana tallafa wa jimlarka ta mataki na 3 ba. Wannan ce mai zafi.

Ka lura da abin da Linkon bai faɗa ba. Bai ambaci sunan garin ba, bai kira sunan janar ko ɗaya ba, bai ce Arewa ko Kudu ba, ko kalmar bauta bai furta ba. Da ya cika shi da sunaye, da ya zama na mutanen ranar kaɗai. Rusbelt kuwa sakataren harkokin wajensa, Cordell Hull, ya so a yi dogon bayanin yadda dangantaka da Japan ta lalace, ya ƙi. Jawabin ya tsaya a minti shida da 'yan kai, kuma cikin sa'a guda majalisa ta amince, mutum ɗaya tak, Jeannette Rankin, ta ƙi. Daftarinsa yana nan a adane: da farko ya rubuta ranar da za ta dawwama a tarihin duniya, ya soke, ya mai da ita ranar da za a dawwama ana tir da ita. Kalma biyu ya soke, ya sa ɗaya. Bayan ka gama yanka manya, koma ka nemi irin wannan kalmar a jimlarka ta farko.

A hadisin Ammar bin Yasir an ce tsawaita salla da gajarta huɗuba alama ce ta fahimtar mutum. Nakan tuna wa masu gardama da wannan in sun ce gajarta raini ce ga taro.

Mataki na 7: Gwada da kunne

Tsaya da ƙafafunka, kunna agogo da abin ɗaukar murya, karanta da ƙarfi. Ni kalmomi 110 zuwa 130 nake yi a minti, don haka jawabin minti uku ba ya wuce 350 a wurina. Auna naka, ka kuma bar rarar daƙiƙa 20, domin a gaban mutane shiru yakan fi tsawo.

Duk inda numfashi ya yanke maka, raba jimlar biyu. Duk inda harshe ya sarƙe, canja kalmar. Maimaici kuwa abokinka ne in ya zo a wurinsa: mulkin jama'a, ta hannun jama'a, domin jama'a, kamar yadda Linkon ya rufe nasa. Sau ɗaya ake irin wannan a gajeren jawabi. Karin magana ma ɗaya ta isa, kuma wadda ta zauna daram, ba wadda aka jawo da igiya ba. Kada ka ɗauko maganar wani sai wadda ta zauna a kanka. Kenedi ya kawo baitin wani tsohon mawaƙin Girka a daren nan ba tare da takarda ba, don ya daɗe yana jinyar zuciyarsa da shi.

Mataki na 8: Ranar taro

A katin ka rubuta jimlar farko cikakkiya, da jimlarka ta tsakiya, da ta ƙarshe, sai kalma ɗaya ɗaya don tuna sauran. Haddace ta farko da ta ƙarshe. In ka miƙe, yi shiru na numfashi biyu kafin ka fara. In ka faɗi ta ƙarshe, zauna. Kada ka ƙara "to, abin da zan ce ke nan".

In babu lasifika, rage gudu ka yi magana da mutumin da ke layin baya. In an ce lokaci ya ƙure, minti ɗaya gare ka, faɗi jimlar tsakiya da misali ɗaya da abin da kake nema. In kuwa ba zato aka ce nan da minti goma za ka yi magana, bar matakan nan duka sai na 2 da na 3, ka ɗora su kan jiya, yau, gobe.

Kada ka auna kanka da tafi. Ranar da Cocil ya yi nasa, 'yan jam'iyyarsa sun fi yi wa Chamberlain, firaministan da ya sauka, sowa. Wata jarida a Harrisburg ta kira na Linkon maganganun shirme, sai a 2013, bayan shekara 150, magajiyarta ta janye kalaman.

Mataki na 9: Adana rubutun

Jawabin da ba a rubuta ba yakan zama abin da wasu suka ga dama, kamar yadda ya faru da Sojourner Truth. Na Digol na 18 ga Yuni mutane ƙalilan suka ji, BBC ma ba ta naɗe shi ba. Jaridu da maimaitawa ne suka raya shi har ya zama mafarin gwagwarmayar 'yantar da Faransa. Linkon ya bar kwafi biyar da hannunsa. Shekara 100 bayansa Martin Luta King ya tsaya gaban gunkinsa a Washinton, ranar 28 ga Agusta, 1963, ya buɗe nasa jawabin da irin salon ƙidayar shekarun da Linkon ya buɗe da shi. Jimlar mulkin jama'a kuwa tana cikin sashe na 2 na tsarin mulkin Faransa na 1958.

Don haka a daren ranar, tun abin bai dushe ba, ɗauko takardarka ka gyara ta ta dace da abin da ya fito daga bakinka, domin ba za su zo ɗaya ba. Rubuta kwanan wata da wuri da dalilin taron a sama. In wani ya naɗa a waya, karɓi kwafi ka saurara sau ɗaya, ka yi alama a inda mutane suka yi tsit da inda suka fara motsi a kujera. Ajiye shi tare da daftarin farko mai soke-soke, a jaka ɗaya da jawaban da ka farke.